Maganin Papa da Cokulan Amarya

Ko da zan manta da komi na duniya, ba na jin zan manta da ranar da muka kai garar Ramatu Konni. Kowa a danginmu ya ba da labarin nan yadda ya ga dama, wasu har da ƙarin gishiri, don haka bari ni ma in ba da nawa. Ko ba komi ni kaɗai na san abin da ke cikin kaina a lokacin (ba wani abin kirki ba ne, amma dai nawa ne).

A Tsarnawa muke zaune, gida ɗaya da uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna. Ɗana na fari sunan marigayi mahaifin maigidana aka sa masa, saboda haka ba ni da bakin faɗin sunan, Papa muke ce masa. Kun kuma san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu, uwa ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai ki bar kakarsa ta ɗauka. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. A fili ina kau da kai, a ɓoye ina sa ido in ga ko cikinsa na ɗagawa yana sauka.

Papa bai cika shekara biyu ba wani zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Zazzaɓin ya wuce, amma ya bar masa jijjiga, tana zuwa tana komawa. Muka je likita a Konni, aka ɗora shi kan wata ƴar farar ƙwaya da muke kira gardinal, mai kwantar da jiki da sa barci. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya dube ni ido cikin ido ya ce kullum bayan magariba, kada in tsallake, kada kuma in tsayar da ita da kaina ko da na ga yaro ya warke sarai, don tsayarwa farat ɗaya ita ke dawo da ciwon da ƙarfinsa. Ya nuna mini yadda zan murƙushe ta tsakanin cokula biyu, in ɗiga ruwa, in ba shi. Tun daga nan jijjiga ba ta sake leƙo mu ba.

Inna dai ba ta taɓa son ƙwayar nan ba. A wurinta ciwon na iska ne, maganinsa hayaƙi da rubutu da wata munduwar jan ƙarfe da ta sa masa a ƙafa. Duk ranar da yaron ya yi barci har hantsi sai ta ce ƙwayar nasara ta mayar mata da miji rago (jikan nata take kira mijinta, kamar kowace kaka). Dalili ɗaya tak take jira ta jefa kwalin a masai. Na san haka, shi ya sa nake ɓoye shi a ƙasan akwatina kamar zinariya.

Ana nan sai Ramatu, ƙanwar maigidana, ta dawo daga Yamai inda take karatun shimi, wato ilimin haɗa sinadarai, a jami'a, aurenta ya matso. Ni da ita akwai wasa sosai. Tana ce mini matar yaya, ina ce mata Madam Kwalba, don duk hoton da ta turo mana tana tsaye ne cikin kwalabe da farar riga. Ni a aji huɗu na lakwal, makarantar boko, na tsaya, ban taɓa sanin takamaiman abin da take yi da kwalaben ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Wata magariba ta same ni ina murƙushe ƙwayar Papa. Ta ɗauki kwalin ta karanta, ta yi dariya ta ce ashe abokin aikinta na gidan nan ba a gaya mata ba. Ta ce dangin wannan maganin ne take bincike a kansu. Ta zauna bakin tabarma tana yi mini bayani da zumuɗin wanda ya daɗe bai samu mai saurare ba. Wai a ɗakin aikinsu suna haɗa maganin da ƙarfe a ƴan kwalabe, su rufe su ajiye, su yi ta jira har wasu ƴan ƙwayoyi masu sheƙi kamar gishiri su tsiro a gindin kwalbar, wani lokaci shuɗɗa, wani lokaci shunayya. Sai a kai ƙwaya ɗaya cikin wata na'ura mai haske irin wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita, ta nuna musu yadda kowane ɓangare ya zauna, wa ke riƙe da wa, ta wane gefe. Ta ce kamar tukunya bisa duwatsun murhu ne, sai dai nan tukunyar ce ƙarfen, masu tallafe da ita kuma wani lokaci huɗu ne, wani lokaci shida.

Ta fiddo salula ta nuna mini hoto. Wasu ƙwallaye ne masu launi an haɗa su da tsinkaye, kamar abin wasan yara.

"Kin ga wanga ja na tsakiya?" in ji ta. "Jan ƙarhe ne. Waɗanga na gehe kuma maganin ne. Ya kama shi ta nan, ya kama shi ta nan."

Na ce, "In ya kama, shina saki?"

"In ya kama da kyau ba shi saki," ta faɗa da alfahari, kamar ita ta haife su.

Nan ƙawayenta suka yi sallama a kan maganar anko, ta miƙe ta bi su. Ta bar ni zaune da cokula biyu a hannu. Na dubi cokulan. Na dubi munduwar da ke ƙafar Papa. Jan ƙarfe.

Ga yadda lissafina ya tafi, kuma ina roƙon kada a yi dariya tun yanzu. Magani yana kama ƙarfe. Yaro ya yi watanni yana shan magani. Ke nan magani ya cika jikin yaro. Ke nan yaro zai fara kama ƙarfe, kamar mayen ƙarfen nan da yara ke ja cikin rairayi ƙusoshi na maƙale masa. Da wata murya a cikina ta ce to ai har yanzu ba abin da ya manne masa, sai wata ta amsa da cewa taruwa yake yi, kamar ruwa a randa, ranar da ya cika za a gani.

Tsayar da maganin ba zai yiwu ba, maganar majo na kunnena. Gaya wa Inna kuwa daidai yake da in kai kwalin masai da hannuna. Maigidana ba a ba shi ajiyar magana, duk abin da ya ji da rana yana gaban Inna kafin a gama tuwon dare. Ramatu kuma ta shiga hidima, yau tana Konni wurin tela, gobe an kewaye ta ana ƙunshi, ba na samunta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Sai na yanke shawara ni ɗaya: tunda ba zan iya raba yaro da magani ba, zan raba shi da ƙarfe.

Sai a lokacin na gane yawan ƙarfen da ke gidan talaka. Kwano ƙarfe, bokiti ƙarfe, ƙofa ƙarfe, gado ƙarfe, har zip ɗin wandonsa. Na mayar da shi cin abinci a akushi, Inna ta yaba mini wai na fara hankali na koma gargajiya. Na hana shi hawa tankin moton ubansa, wato babur ɗinsa, da sunan yana da zafi, ko da sassafe ne moton bai tashi ba. Munduwar na zare na ce ta matse shi, Inna ta mayar. Na sake zarewa, ta sake mayarwa, ta bi ni da wani kallo. Daga ƙarshe na naɗe ta da tsumma na ce rana na gasa ta tana ƙona masa fata. Ƙwayar kuma na daina murƙushe ta da cokali, na koma sa ta a ludayin duma ina dannawa da gindin muciya. Garin yana maƙalewa a jikin duman, in yi ta ɗauraya ina ba shi, raina bai kwanta ba ko duka ya shiga cikinsa ko rabi ya tsaya.

Har gwaji na yi. Wata rana da azahar yana barci na lallaɓa na ɗora ƙaramin cokali a kan cikinsa, na ja baya ina kallo. Cokali bai faɗi ba. Na fita na zauna bayan ɗaki ina hawaye. (Yaron a rigingine yake kwance. Ko tabarya na ɗora ba za ta faɗi ba. Wannan bai zo mini a rai ba sai bayan komi ya wuce.)

Ranar jere na ce ciwon kai nake, na tsira. Ina sane da abin da ɗakin amarya yake, samiru da langa da tasoshi da tire tun daga ƙasa har kusa da rufi. Amma ranar kai gara ba ta gudu, ni ce matar babban wa, rashina sai ya zama abin magana. Muka shiga mota da buhunan shinkafa da manyan fantekoki na alkaki da nakiya da dubulan. Na naɗe Papa cikin zannuwa biyu don kada ya taɓa ƙofar mota, ga zafi kamar a gasa masara. Wata gwaggo ta tambaya ko lafiya, na ce mura. Yaron na ta zufa yana kallona kamar ya san uwarsa ta taɓu.

Da muka isa gidan ango na goya shi na ɗaure tamau, na ƙudura ba zai taka ƙasa ba sai mun koma Tsarnawa. Ina sauke kaya da shi, ina gaisawa da shi. Inna ta jure ta jure, sannan ta matso ta ce a hankali, amma yadda na kusa za su ji:

"Ke ɗiyar nan, ba ki da kunya? Ɗan hwari kin liƙe a baya kamar laya, gaban surukai? Kawo min mijina."

Ta kwance shi da kanta, ta tuɓe masa zannuwan da rigar ta bar shi da ɗan kamfai ya sha iska, ta shiga da shi ɗakin amarya inda tsofaffi ke zaune. Ni kuma aka tura ni tsakar gida rabon shinkafa. Ina zuba abinci, idona na kan labulen ɗakin nan. Na zuba wa wata miya sau biyu, wata kuma na miƙa mata shinkafa gaya.

Tsakar gidan cike take da dangin ango. A tsakiyarsu, kan kujera, akwai babbar gwaggon ango, wata Hajiya mai jiki, mai awarwaro har gwiwar hannu da haƙoran Makka biyu a gaba. Ita ce mai karɓar gara, kowa na durƙusa mata.

Can sai labule ya motsa. Papa ya fito yana tafiyarsa ta dagwai-dagwai, yana murmushi, jikinsa na sheƙi. A kan cikinsa akwai ƙaramin cokalin shayi, a tsaye yake kuma cokalin bai faɗi ba. A cinyarsa akwai wasu biyu. Da ya juya sai ga murfin ƴar ƙaramar samira manne a ɗuwawunsa, yana tafiya murfin na binsa.

Randa ta cika, abin da na ce a raina ke nan.

Ban san lokacin da na yar da ludayin miya ba. Na ƙwala kiran yaron da sunansa na yanka, sunan surukina, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidan, na kuma ƙwala shi yadda har maƙwabta sai da suka ji. Na tsallake fanteka biyu na sure shi na ɗaga sama.

"Ku ja baya! Ku tuɓe awarwaronku! Maganin ya hwara kama ƙarhe!"

Mata suka watse, wasu na salati ba su san dalili ba. Wata yarinya har ta fara zare ɗan kunnenta. Hajiya ta taso da nauyinta, ta matso don ta ga abin da ya samu yaron, ta buɗe baki za ta yi tambaya. Haƙoran nan biyu suka yi walƙiya dab da fuskar Papa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na sa tafin hannuna mai maiƙon miya na toshe bakin babbar gwaggon ango.

Sai na ji muryar Inna daga ƙofar ɗaki, a natse, irin ta wanda aka biya wa buƙata.

"Wane magani? Ƙwayar nan? Ai na hwaɗa tun tuni. Yau ta bar gidana."

Abin da na yi ta ɓoyewa don kada ya faru, ga shi na jawo shi da bakina gaban mata sun fi a ƙirga.

Hajiya ta cire hannuna daga bakinta a hankali, kamar mai cire ƙadangare daga kan tabarma. Ta goge leɓenta da gefen mayafi. Sannan ta kama cokalin da ke cikin Papa ta ja. Ya taso da wani zare mai danƙo yana binsa. Ta duba, ta shinshina, ta kai harshe.

"Alkaki ne," in ji ta.

Wata ta leƙa ƙarƙashin gadon amarya ta jawo tiren alkakin da muka kawo da hannunmu. Zumar ta kwanta a gindinsa, kuma a tsakiya ga shatin zaman Papa ɓaro-ɓaro. Kusa da shi ga kwalin sababbin cokula a zube. Yaro ya zauna cikin zuma, ya ci ya ƙoshi, ya yi birgima cikin cokula, ya fito nuna wa duniya.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Akwai wadda ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Ni dai ina tsaye da yaro mai danƙo a hannu, ƙudaje sun fara taruwa, ina fatan ƙasa ta tsage. Amma Inna ba ta yi dariya ba, kuma ita nake kallo.

Sai ga amarya a bakin ƙofa. Amaryar da ya kamata tana kan gado a lulluɓe, kai a sunkuye, ba a jin ko tarinta. Ta ɗage mayafi, kwallinta ya zubo saboda dariya. Ashe ta ƙarƙashin lulluɓi ta ga duk ɓarnar da Papa ke yi, ta ƙyale shi don ya ɗebe mata kewa. Ta ce in faɗa mata daga ina na samo wannan magana. Na ce daga bakinta, da hoton salula.

"Wayyo matar yaya," ta ce tana share ido. "Ni da na yi wata da watanni ina lallashinsu su kama juna cikin kwalba suna ƙiyawa, ke kin samu sun kama cokali a Tsarnawa?"

Daga nan ta juya wurin Inna ta yi magana a natse, kowa na ji. Ta ce ƙarfen da take nufi ba irin na cokali ko munduwa ba ne, sai an narkar da shi tukuna ya zama gishiri, gishirin ya narke cikin ruwa har ido bai ganin komi sai launi. Abin da ke kama juna a ciki ya fi ƙurar ƙura ƙanƙanta, hoton da ta nuna mini zane ne aka girmama don mutum ya gane. Kamun kuma ba jawowa ba ne irin na mayen ƙarfe, maganin bai iya jawo ko allura. Ta ce har a jinin kowa da ke tsaye a gidan nan akwai ƙarfe irin wannan narkakke, Allah ya sa shi, ba wanda cokali ya taɓa bi. Su kuma suna wannan aiki ne don a san siffar maganin sosai, har ma akan gane shi ta launin da yake bayarwa in ya gamu da irin wannan ruwa.

Sai ta tambaye ni, to da me nake ba shi ƙwayar duk kwanakin nan. Na ce da ludayi da muciya. Nan dariyarta ta ɗauke. Ta ce wannan shi ne abin tsoro, ba cokali ba, don duma na shan gari, yaro na iya samun ƙasa da abin da aka rubuta masa. Ta ce daga yau in koma yadda majo ya nuna, kuma in je in gaya masa abin da na yi ba tare da na rage komi ba.

"Inna," ta ce, "ƙwayar nan ita ta riƙe maki mijinki. In kinka jehwa ta masai, ni da kaina zan bar ɗakin ga in zo in sayo wata."

Inna ta dubi ɗiyarta. Abin da na yi wata da watanni ina son faɗa ban iya ba, ga shi ƴar cikinta ta faɗa da lallen aure a hannu. Ta karɓi Papa daga hannuna, ta ɓamɓare murfin daga ɗuwawunsa, ta warware tsumman da na naɗa wa munduwa ta yar. Sannan ta cire cokula biyun da ke cinyarsa ta ba wata ta wanke, ta ƙulle su a bakin zanenta, ta ce wa amarya waɗannan na mijinta ne, shi ya zaɓa da kansa. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe dai kin san sunan."

Na durƙusa gaban Hajiya na ba da haƙuri har sau ban san adadi ba. Ta ce ba komi, ta yafe, amma miyar gishiri ya yi mata kaɗan.

Da magaribar ranar, a Tsarnawa, Inna ce da kanta ta murƙushe ƙwayar tsakanin sababbin cokulan, tana yi tana gunaguni a kan nasara da kayansu. Washegari na je na gaya wa majo komi. Ya yi mini faɗa a kan ludayin, ya duba yaron ya ce Allah ya kiyaye, sannan ya nemi in sake ba shi labarin murfin tun daga farko don abokin aikinsa bai ji ba.

Abin da na koya dai shi ne rabin bayani ya fi rashinsa haɗari a hannun mace mai fargaba irina. Yanzu in mai ilimi ya fara yi mini bayani, ko ana kiransa a waje ba na barinsa ya tashi sai ya kai ƙarshe. Kuma kafin in tsorata da kowane abu, tambayata ta farko ita ce: tsaya tukuna, shi abin nan, girmansa kamar me?